Gaishe Ka, Mai Yi wa Sarakuna Wanka

Akwai wani rashin adalci da ya kamata a ce an daɗe da gyarawa. Ana ba masu tonon kayan tarihi lambar yabo, ana ɗaukar hoton ma'aikatan gidajen tarihi sanye da farar safar hannu suna taɓa kaya a tsorace, amma har yau ba a kira taro ko ɗaya ba don a karrama wanda ya fi su duka himma. Ina nufin mai tara tsoffin sulalla, wanda barci ba ya ɗaukarsa muddin ya san akwai ɗigon kore a jikin kwandalarsa. Wannan bawan Allah yana ko'ina, daga Landan zuwa Alƙahira, daga Amurka zuwa Santambul, kuma baiwarsa ɗaya ce a duk inda yake: abin da ƙasa ta yi shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai tana lasa ta kasa cinyewa, shi yakan gama da shi tsakanin azahar da la'asar. In wannan ba bajinta ba ce, a faɗa mini sunanta.

Kayan aikinsa ta intanet suke zuwa. Can ake sayar da sulallan Rumawa da ba a taɓa wankewa ba, a ƙirga ɗari-ɗari, ko a ɗora a sikeli a auna da kilo. Yawancinsu ƙananan kwabban tagulla ne na ƙarni na huɗu, na zamanin Sarki Kustantin da 'ya'yansa, waɗanda aka buga ba adadi don biyan soja da cefanen talaka. Suna isowa ƙulle a leda, kowanne ya sha ƙasa har ba a gane gabansa da bayansa. Malalacin mutum sai ya zuba su a tataccen ruwa wanda babu gishiri ko sinadari a cikinsa, ya riƙa canja ruwan yau da gobe, mako ya bi mako, yana lallaɓa su da buroshi mai laushi da tsinken sakace, ido a madubin ƙara girma. Ka ji ɓata lokaci. Wata uku a kan kwabon da faɗinsa bai wuce farce ba! Gwaninmu yana da abin yi. Shi lemon tsami yake yankawa ya haɗa da ruwan khal, in ya ga suna taurin kai ya tsiyaya musu Coca-Cola su kwana a ciki, da safe ya bi su da soson ƙarfe, ya rufe da Brasso. Wanda Allah ya buɗa wa a cikinsu ya sayi ɗan injin gurza mai buroshin waya a baki, tun daga ƙofar gida kana jin kukansa.

Amma gwanin gwanaye, wanda ya kamata a miƙe tsaye in ya shigo, shi ne mai wankin lantarki. Bari in faɗi yadda abin yake, don ran da ka gani ka san kana gaban ilimi. Zai samo tsohuwar cajar waya, ya datse kanta, ya fere wayoyin nan biyu. Ɗaya ya maƙala wa kwandalar, ɗaya ya maƙala wa tsohon cokali, ya tsoma su a kofin ruwan gishiri, ya kunna soket. Nan take ƙananan kumfa su fara tashi daga jikinta. Ruwan ya fara rinewa, ya yi ruwan ƙasa, ya koma baƙi, wani wari mai hawa kai ya cika ɗakin. Kana tsaye kana kallon koren ɓawon yana ɓantarewa yana sauka gindin kofi.

Kafin a tsoma ta, in ka karkata ta a hasken taga, kana iya hango Sarki Kustantiyus na Biyu, wanda ya yi mulki daga 337 zuwa 361. Ga jerin lu'ulu'un da ke ɗaure a kansa, ga idonsa a buɗe. A bayanta ga sojan Rum ya ɗaga mashi zai soke wani mahayi da dokinsa ya faɗi. A ƙarƙashin ƙafar sojan akwai ƙananan haruffa, cikinsu har da SIS, shaidar cewa a garin Siskiya aka buga ta, wanda yau ake kira Sisak a ƙasar Kuroshiya. Bayan minti ashirin gwaninmu zai tsamo ta, ya goge a gefen rigarsa, ya ɗaga sama. Ja jawur, tana walƙiya, jikinta duk ramuka. Sarki babu ido, babu hanci. Soja da doki da mahayi sun narke sun zama dunƙule ɗaya. Rigimar da ta fi shekara dubu ɗaya da ɗari shida ba a raba ba, ya sulhunta ta da cajar waya. Haruffan nan kuwa sun tafi inda ba a dawowa.

Masu ƙananan maganganu, wato masana, suna da wata hujja da suke yawo da ita. Wai tagulla in ta daɗe a binne, ruwa da iska da sinadaran ƙasa suna canja saman jikinta a hankali. Da fari wata ja-jar shimfiɗa ce take kwanciya, daga baya kore ta hau kanta, irin sinadarin dutsen malakait. Wai wannan ɓawo ba datti ba ne da ya zo daga waje ya manne. Ƙarfen ne da kansa ya rikiɗa, ya kuma riƙe siffar da mabugin ya ba shi, har silin gashi. Ma'ana fuskar sarkin ba a ƙarƙashin koren take ba, a cikinsa take, kuma sau da yawa abin da ya rage a ƙasa gurguren ƙarfe ne da ya riga ya zagwanye. Wai kuma ɓawon nan shi ne garkuwar da ta tsare ragowar ƙarfen duk tsawon zamanin nan. To, sai me? Duk wanda ya san darajar man bilicin ya san amsa. Ita ma fata an ce tana kare jiki daga rana da cuta, amma wa ya taɓa fasa shafawa saboda haka? So ake a yi haske kafin ranar biki. Abin da zai biyo baya a kumatu da gaɓoɓin yatsu, wannan maganar bayan biki ce.

Akwai wani alherin nasa da ba a cika lura da shi ba, shi ne yaƙi da almundahana. A shekarar 215 Sarki Karakalla ya fito da sabuwar kwandalar azurfa, wadda tun ran gini wajen rabinta ne kawai azurfa. Magadansa suka yi ta ragewa, yaƙi yana cin kuɗi, soja suna neman ƙari, har zuwa ƙarshen mulkin Galliyenus a 268 azurfar da ke cikinta ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Tagulla ce aka yi wa siririn mayafin azurfa don ta yi fari a idon mai karɓa. Awreliyan ya zo a 274 ya ɗan yi gyara, ya sa aka riƙa buga XXI a jikinta, wanda akasarin masana suka fahimta da cewa kashi ashirin tagulla ne, ɗaya azurfa. Kwandalar da ta iso zamaninmu da mayafinta abar nema ce, don ita ke nuna yadda daula take yi wa talakawanta rufa-ido in baitulmali ya bushe. Gwaninmu ba ya son rufa-ido. Shafa biyu da soson ƙarfe ya tona wa Galliyenus asiri, ya kankare ƙaryar tas, ya bar gaskiya tsirara. Gaskiya ne ya haɗa da shaidar laifin ya goge, amma ai a ko'ina haka ake binciken almundahana.

Don ka ƙara sanin darajarsa, dubi yadda ragwaye suke nasu aikin. A watan Afrilun 2010 wani mutum mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona kusa da garin Frome a Ingila, ya ci karo da bakin wata ƙatuwar tukunya cike da sulalla. Da mai zuciya ne, da ya kwashe a buhu, kafin magariba an jiƙa su a bokiti. Shi kuwa sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya tafi ya kira hukuma. Masu tono suka zo suka yi kwana uku suna kwasa hawa-hawa daga sama zuwa ƙasa, kowane hawa da jakarsa da lambarsa. Sulalla 52,503, nauyinsu wajen kilo 160. Aka kai su Gidan Tarihi na Birtaniya, aka yi makonni ana ɗauraye musu laka ana shanyawa.

Me wannan wahala ta haifar? Wai sun gano sulallan Karawsiyus sun fi 760 a ciki. Wani kwamandan jiragen ruwa ne da ya ɓalle ya naɗa kansa sarki a Birtaniya daga 286 zuwa 293. Nasa suna cikin waɗanda aka buga daga baya-baya, amma da yawansu a tsakiyar tukunyar aka same su, ba a sama ba. Wai wannan ya nuna ba asusu ba ne da aka yi shekaru ana jefawa, a lokaci guda aka juye su. Wai kuma tukunyar ba ta da kaurin da za a ɗauke ta da kilo 160 a ciki, saboda haka sai da aka binne ta sannan aka cika. Daga nan har wasu suka fara tunanin ko ba ɓoyon dukiya ba ne, hadaya ce mutanen yankin suka yi. Ka ji fa. Duk wannan dogon surutu ya samo asali ne daga rashin zuba su a bokiti ɗaya. An dai yi musu kuɗi fam 320,250, gidan tarihin Somerset ya saya, suna can a Taunton ana kallonsu, kore-kore da su, ko kunya ba sa ji.

Na tsibirin Jersey sun fi su ma lalaci. A 2012 aka tono dunƙulen sulalla kusan dubu 70 da suka manne da juna, na wata ƙabilar Keltawa. Sai farkon 2017 aka ɓamɓare ta ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, ana auna mazaunin kowace da na'ura. A tsakaninsu aka samu ƙawanyoyin wuya na zinariya da wata 'yar jakar fata da ta ƙi ruɓewa. Da gwaninmu aka ba kwangilar, galan biyu na asid ya ishe shi, kafin Litinin ya miƙa aiki, jakar fatar ma ba za ta sake damun kowa ba.

Kada a ɗauka sana'ar ba ta da asali. Tana da manya, har da wanda ya rasa ransa a kanta. J. Sanford Saltus, attajirin Amurka, masanin sulalla na gaske wanda har yau ake ba da lambobin yabo da sunansa a New York da Landan, yana ɗakinsa a otal ɗin Metropole a Landan a watan Yunin 1922, yana wanke tsoffin sulallan azurfa da gubar sayanaid. Kofin gubar yana gefen kofin lemon citta. Ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ba shi ba. Allah ya kiyashe mu. Na baya sun ɗauki darasi, sun bar sayanaid, sun koma haɗa ruwan gishiri da lantarki a rufaffen ɗaki, inda iskar kulorin take tashi a hankali, babu gaggawa.

Sai Sarki Faruƙ na Masar, wanda ya tara sulallan da ba kowane gidan tarihi ke da irinsu ba. Sojoji suka tuɓe shi a 1952, aka yi gwanjon kayansa a fadar Ƙubba da ke Alƙahira a 1954. Dillalai suka taso daga Turai da Amurka, suka tarar an yi wa da yawa daga na tagulla da na azurfa guga ta alfarma, an kuma bi su da man sheƙi. Har yau in irinsu suka shigo hannun masu gwanjo, ana gane hannun fada. Sarauta ta tafi, guga tana nan. Su ma Turawan gidan tarihi kada su cika mana baki. A 1937 da 1938, a cikin Gidan Tarihi na Birtaniya kansa, ma'aikata suka bi sassaƙen marmaran da aka kwaso daga Fartenon na birnin Atina da makankaran jan ƙarfe da dutsen guga, saboda attajirin da ya ba da kuɗin gina zauren, Lord Duveen, yana son su yi fari fat. Girkawa har yau ba su huce ba. In manya sun yi da marmara, don me za a sa wa ƙaramin mutum ido da kwabonsa?

Ni abin da ya fi burge ni da gwaninmu shi ne iya zaɓe. A duk koren da ke jikin tagulla, iri ɗaya ne tak yake buƙatar a tashi masa tsaye, wanda masu tara sulalla suke kira cutar tagulla. Shi ba ɓawo ne mai tauri da santsi ba. Gari ne, kore mai haske-haske, in ka taɓa da tsinke sai ya zube. Tushensa gishirin kulorid da ya shige ƙarfen tun yana ƙasa. Da ya samu laima da iska sai ya farka ya haifar da asid, asid ya ci ƙarfe, ƙarfen ya sake haifar da gishirin, haka za a yi ta zagaye har kwandala ta huje. Masu haƙuri suna kankare garin a hankali, su jiƙa ta makonni a ruwan sinadarin nan da ke cikin kanwa, amma tatacce, don kanwar kasuwa tana ɗauke da gishirin da ake gudu. Wasu su bi ta da maganin da ake kira benzotirayazol. Sannan a busar da ita ƙayau, a shafa mata siririn kaki irin Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihi na Birtaniya a farkon shekarun 1950, a ajiye ta inda laima ba ta kai kashi 40 cikin ɗari ba, tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Gwaninmu ya juya lissafin, kuma nan basirar take. Koren da ke lafiya lau ya kashe, cutar kuwa ya yi mata wankan gishiri, ya ɗauraye ta da ruwan famfo, ya zura ta da sauran danshinta a cikin kundin roba mai laushi, irin ta PVC, wadda in ta daɗe take fitar da wani koren yauƙi ta manne wa ƙarfe. In baƙi sun zo ya ciro ta, ta zaga hannu goma, kowa ya danna mata babban yatsa a fuska da gumin tafinsa, alhali ragwayen can a gefe-gefe suke riƙewa. Bayan 'yan watanni sai ga koren gari ya fito a ramukan da ya haƙa mata. Sai ya girgiza kai ya ce datti ya dawo, ya ɗauko cajar. Masu cewa garin gyaran gira a rasa ido ba su san shi ba. Shi da idon yake farawa, don kada ya dame shi in ya zo kan girar.

Akwai 'yan sassauci a cikinsu, masu jiƙa kwandala a man zaitun wata da watanni. Su ma ba a raina musu ba. Man yana da ɗan asid ɗinsa, yana shiga ƙofofin ɓawon ya ƙi fita, ya mayar da kore baƙi ƙirin. Sun dai fi 'yan lantarki nawa, amma niyya ɗaya ce.

In ya gama kankarewa sai labari ya iso masa cewa masu saye kore suke so. Nan ma bai gaza ba. Akwai ruwan sinadarin da ake tsoma ta ciki ta yi duhu a minti biyar, akwai masu kwaɓa jan yashi da gam su shafa mata a ce ƙasar hamadar Sham ce. Fuskar da ta shafe kuma a ɗauko allura a sake zana ta: a buɗe wa sarki sabon ido, a yi masa sumar da bai taɓa tarawa ba, a gyara haruffan da aka manta yadda suke. Masu buga jabu sun fi kowa yi masa addu'a. Ɓawon shekaru yana cikin abubuwan da ake dubawa a rarrabe ta gaske da ta bogi, to shi ya cire wa ta gasken nata ya shafa mata na bogi, ka ga an zama ɗaya, babu mai yi wa wani gori.

Kada a manta da aikin yi da ya samar. Kilo-kilon nan ba daga sama suke faɗowa ba. Da yawansu daga ƙasashen Balkan suke fitowa, inda tsoffin garuruwan Rumawa suke kwance a bakin kogin Danub. Akwai Ratiyariya, kusa da ƙauyen Archar a Bulgeriya, wadda masu neman dukiya suka yi shekaru suna bi da na'urar gano ƙarfe har da katafila, suka mayar da ita ramuka. A 1999 jami'an kwastan a filin jirgin saman Frankfurt sun tare kilo 60 na tsoffin sulalla da suka fito daga Bulgeriya a kaya guda. Masana suna kuka wai kwabon da aka samu a daɓen wani ɗaki shi ke faɗin shekarun ɗakin, wanda aka samu a ƙarƙashin ganuwa shi ke faɗin lokacin da aka gina ta, in an cire shi daga nan ya zama bebe. To ai rabon aiki ne. Mai tono ya raba ta da inda aka same ta, gwaninmu ya raba ta da inda aka buga ta da wanda ya buga ta, ta huta da tambayoyi.

Ba na Rum kaɗai ke cin albarkacinsa ba. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinarin da babu hoton kowa a jikinsa sai rubutu, nauyinsa wajen giram 4.25. Tun daga nan akasarin abin da kuɗin Musulmi zai faɗa, da rubutu yake faɗa. A dirhami, sunan garin da aka buga shi da shekarar suna zagaye ne a gefe, daidai inda buroshin waya ya fi son ci. Tsohuwar azurfa kuma takan yi gautsi, in an matsa mata sai ta ɓalle biyu, ka ga mai dirhami ɗaya ya wayi gari da biyu. Zinariya ba ta tsatsa, ruwa kawai take so, amma tana da laushi, saboda haka gwaninmu ba ya barin ta ta tafi haka nan ba ɗan zane-zanen tunawa.

A 1999 a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, a wani wuri da ake kira Spillings, aka tono azurfa kilo 67, cikinta sulalla sama da dubu 14, kusan dukansu dirhamomin ƙasashen Musulmi da fataucin mutanen yankin, 'yan Baikin, ya kai can. Wani masani ya zauna yana karanta su ɗaya-ɗaya, har ya iske wata da wasu mutane da ake kira Khazarawa suka buga wajen shekarar 837, wadda a layi ɗaya ta ambaci Annabi Musa, alaihissalam, abin da aka ɗauka shaida ce ta shigar sarakunansu addinin Yahudu. Layi ɗaya cikin dubu goma sha huɗu. Dubi irin ciwon idon da gwaninmu zai raba mutumin nan da shi da an fara kai masa su.

Gwaninmu ma fa yana da hujjarsa a tarihi, in yana so. Al-Bakri, malamin Andalus na ƙarni na goma sha ɗaya, ya ba da labarin cewa dinarin mutanen Tadmakka zinariya ce zalla wadda ba a buga mata komai, har ana ce da su masu sanƙo. Tadmakka ita ce Essuk ta arewacin Mali a yau. A 2005 aka yi tono a can, aka samu gutsattsarin yumɓun da ake zuba narkakkiyar zinariyar a ciki, kuma abin da ya tabbatar da aikinsu shi ne 'yan mitsi-mitsin ɗigon zinariya da suka maƙale a jikin yumɓun, waɗanda sai da na'ura aka gan su sosai. Sa'a ɗaya aka yi, ba su biyo ta wurin mai son tsafta ba. Amma dai ka ga sunnar da yake rayawa: mutanen Tadmakka sun yi sulalla masu sanƙo da gangan, shi kuma yana yi wa na duniya duka aski kyauta.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Liyari, dalar azurfar nan mai hoton Mariya Tariza wadda tun daga 1780 kowacce ke ɗauke da wannan shekarar ko da yaushe aka buga ta, da kwabo mai huji mai tauraro da rubutun Larabci, da aninin gorar ruwa na 1907, duk suna haɗuwa da toka da tsamiya in wani ya ji labarin tsohon kuɗi yana tsada. Maƙeran farfaru na da sun narka liyari ba adadi, amma su ba su taɓa cewa tarihi suke adanawa ba, kuma ko ba komai amarya ta samu munduwa. Gwaninmu ya fi su tsentseni. Shi yakan hallaka abu ba tare da ya ci ribar komai ba, don Allah kawai.

Sai ranar sayarwa. Manyan kamfanonin Amurka masu tantance sulalla, in suka ga sawun guga, rubutawa suke a jikin takardar cewa an wanke, kuma kalmar nan ɗaya takan zabge farashi. Gwaninmu ba ya bi ta kansu, wurin dillali yake zuwa kai tsaye. Ya kwance ƙunshi, ya baje su a kan tebur suna ɗaukar ido. Dillalin ya ɗauki ɗaya a gefe-gefe, ya kara a madubi, ya juya, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ranka ya daɗe, wa ya wanke maka su?"

"Ni da hannuna. Da ka gan su ranar da suka iso, ba za ka taɓa su ba."

"Sannu da ƙoƙari. Wannan ta wane sarki ce?"

"Ai kai ne masani, kai za ka faɗa mini."

Dillalin ya ajiye madubin, ya taya su gaba ɗaya a kuɗin da bai kai na aiko su ba, ya ƙara da cewa in akwai sauran waɗanda ba a kai ga wankewa ba, waɗannan zai saya da daraja. Gwaninmu ya tattara kayansa ya fito, ya gane abin da ke ciki sarai: hassada ce, so ake a karɓe masa masu dattin a je a wanke a ci riba. Ya riga ya aika a kawo masa wani kilo. Ya ce wannan karon cajar kwamfuta zai sa, ta waya tana ɓata masa lokaci.